Tsohuwar Tasha Biyu Ce

A sashen motocin ɗaukar marasa lafiya na babban asibiti babu mai kiransa da sunan yanka. Jiniya ake ce masa, kuma ba don jiniyar motarsa ba, don muryarsa ne. Idan ya tsaya a bakin gareji yana cigiyar tsumman goge gilashinsa, masu jinya a hawa na biyu sukan leƙo ta taga su ga ko lafiya. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan motar asibiti. Kafin nan ya yi shekara tara yana jan tankar ruwa, yana cika ta a ƙarƙashin babban tankin da ke unguwar kwari, yana rabawa lungu-lungu. Tankar ce ta koya masa gari. Wanda ya taɓa fita da tankar ruwa da baya daga lungun da ko amalanke da kyar take shiga, ba ya sake mance lungun.

Saura wata uku ya yi ritaya aka zo da maganar taswira. An riga an ɗauki wanda zai gaje shi, wani magidanci mai sanyin hali da ya yi shekaru yana rarraba kayan shaguna a wani gari, direba na gaske, amma baƙo ne a nan. Shugabar sashen, tsohuwar nas ce da ba ta son a maimaita mata magana, ta tara su ta ce za a girka laftof a kowace mota, da manhajar da ke nuna hanya. Kamfanoni uku sun aiko da nasu. Za a gwada kowace na mako guda a motar Jiniya, sannan kwamiti ya zaɓi ɗaya.

Mutane sun zaci zai yi fushi don na'ura za ta karɓe masa aiki. Ba su san shi ba. Abin da ke cin ransa daban ne, kuma ɗaya ne tak: yayarsa.

Mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu, Yaya ce ta goya shi. Ita ce ta riƙa tsayar da shi a zaure tana riƙe da kunnensa, tana sa shi ya maimaita abin da zai faɗa idan ya ɓata: a kai ni bayan tasha, gida mai shuɗiyar ƙofa. Yanzu ta haura saba'in, tana fama da hawan jini, tana shan magani ranar da ta ga dama. Ya yi lallashi ya yi faɗa a kan ta dawo gidansa, ta kafe kai da fata, ta ce ƙofar da ta shiga da ƙuruciya ta ita za a fitar da ita. Sau biyu jininta yana hawa, sau biyun shi ya ɗauko ta da hannunsa. Tambayar da ke hana shi sakat ita ce, a karo na uku, in ba ya kan sitiyari, wa zai gane ƙofar?

Ga inda matsalar take. Titunan garin suna da sunaye a takarda, har da alluna, amma babu wanda ya taɓa kiran asibiti cikin tashin hankali ya karanta allo. Mutane cewa suke yi bayan injin niƙa, ko kusa da gidan mai tattabaru, alhali injin an kwance shi shekara goma, mai tattabarun kuma jikokinsa sun sayar da gidan. Mafi muni a cikin sunayen nan shi ne tsohuwar tasha, domin tashar motar garin sau biyu tana ƙaura. Daga kwari aka mai da ita bakin kasuwa, daga bakin kasuwa aka fitar da ita bayan gari. Saboda haka tsohuwar tasha biyu ce, kuma tsakaninsu tafiyar minti ashirin ce in hanya ta cushe. Dattijo in ya ce tsohuwar tasha, ta kwari yake nufi. Wanda bai kai arba'in ba, ta kasuwa yake nufi, bai ma san an taɓa yin wata ba.

Jiniya ya daɗe da gano wannan, kuma yana taƙama da shi fiye da kima. Duk lokacin da mai ɗaukar waya, wadda ke amsa kiran masu neman motar, ta ce masa tsohuwar tasha, tambaya ɗaya yake yi mata, muryar tsoho ce ko ta yaro. Shekara goma sha ɗaya suna aiki tare, har ta kai ba ta jiran ya tambaya.

Manhaja ta farko tana magana da muryar wata mace mai taushi, don haka direbobi suka sa mata suna Mai Zaƙin Baki. Mai kwamfuta, wata matar aure mai haƙuri da ke kula da na'urorin asibitin, ta ɗaure laftof ɗin a kan wani ƙarfe tsakanin kujeru biyu na gaba. Ƙarfen ya tare giya ta biyu. Da aka gyara shi, sai rana ta riƙa dukan gilashin, Jiniya ba ya ganin komai sai fuskarsa a murtuke. Da aka karkata shi, igiyar caji ta riƙa ficewa a kowane rami. Ya haɗiye duk wannan. Da suka samu sarari ya sa mai kwamfuta ta rubuta tsohuwar tasha. Mai Zaƙin Baki ta yi ɗan tunani, ta ja layi shuɗi har sabuwar tashar bayan gari, ta ce masa cikin ladabi ya juya dama.

A makon nan ta tura shi wata gada da ruwa ya cinye tun bara, ta kuma nace sai ya zaga shataletale alhali ga lungun da zai rage masa minti huɗu. In ya ƙi bin maganarta ba ta fushi, sai ta ce tana sake lissafi. Wannan rashin fushin ya fi komai ƙona masa rai. Ya ce ya gwammace a zage shi da a yi masa ƙarya da murmushi.

Ta biyu aka sa mata Mai Jan Layi, don tana zana ja a duk titin da ya cushe. Jiniya ya yarda tana da amfani, sau biyu ta kauce da shi daga cunkoson makaranta. Amma ba ta motsi sai da sabis na intanet, kuma sabis bai taɓa sauka kwari da ƙafarsa biyu ba. Ranar Laraba suna gangarawa za su ɗauko wata mai naƙuda, taswirar ta daskare, 'yar kibiyar da ke nuna motar ta tsaya cak a tsakiyar filin ƙwallo. Sabon direban yana zaune a gefe, ya dubi laftof ya dubi lungunan da suka rabu uku a gabansu, ya ce da shi kaɗai ne da bai san wanda zai bi ba. Jiniya ya bi lungu na uku da kallo, domin shi ne na gidan Yaya.

Ta ukun ba ta magana ko kaɗan, ga ta da muni, taswirarta toka-toka kamar an wanke ta da ruwan wanki. Suka sa mata Bebiya. Tana ɗauke da garin gaba ɗaya a cikinta, ba ruwanta da sabis. Da aka rubuta mata tsohuwar tasha sai ta ce ba ta san wurin ba, ko ana so a koya mata? Jiniya ya sa mai kwamfuta ta sake karanta masa. A cikin su ukun, in ji shi, ita kaɗai ce ke da kunyar cewa ba ta sani ba.

Aka zo zaman kwamiti. An raba takarda mai gidaje, kowa ya ba da maki daga ɗaya zuwa biyar: kyan gani, saurin buɗewa, daɗin murya, iya fitar da rahoton wata. Jiniya ya juya takardar gaba da baya yana neman gidan da aka tambayi ko manhajar tana kai mutum inda mara lafiya yake, bai samu ba. A kwamitin mutum bakwai ne, shi kaɗai ne ya taɓa tuƙa motar. Da aka haɗa maki Mai Zaƙin Baki ce ta zo ta ɗaya, domin rahotonta yana fitowa da launi huɗu, kuma manya a sama suna son rahoto. Shugaba ta fara tattara takardu.

Ya miƙe. Ya yi niyyar yin magana a hankali, amma muryarsa ba ta san wannan hanyar ba.

"Ranki ya daɗe, a ba ni minti biyu. A kira mai ɗaukar waya ta zo da littafin kiran makon jiya. A karanta wa wannan baiwar Allah wuraren da mutane suka faɗa da bakinsu. In ta gane rabi, na yi shiru har in bar aikin nan."

Shugaba ta dube shi ta saman tabarau. Ba ta son a ja mata zama, amma ba ta da ha'inci. Aka kawo littafin. Kira talatin da ɗaya ne, Mai Zaƙin Baki ta gane tara, kuma biyu daga cikin taran wuri daban ta nuna. Wani daga ofishin sama ya ce ai laifin jama'a ne da ba su san adireshinsu ba, kamata ya yi a wayar musu da kai. Jiniya ya ce to madalla, a fara da matar da mijinta ya faɗi a banɗaki, a sa ta fita titi ta karanto allo. Shugaba ta ce ya isa, kuma ya zauna. Aka ɗage zaman, aka sake ɗagewa, aka nemi wasiƙa, wasiƙar ta kwana tara a kan teburin wanda ya tafi hutu. Saura mako biyar ya tafi aka amince da Bebiya, da sharaɗin shi zai koya mata garin.

Kullum bayan ya tashi aiki sai ya ja kujera a ɗan ofishin mai kwamfuta, inda fanka ke ƙara ba ta ba da iska. Yana faɗa, yana dangwala yatsa a taswira, tana rubutawa. Suna na farko da ya sa aka shigar shi ne gidan Yayar Jiniya. Daga nan aka bi da injin niƙa, da gidan mai tattabaru, da kwanar da babu kwana, da rijiyar da aka cike. Sun shigar da sunaye ɗari huɗu da wani abu. Da suka zo kan tsohuwar tasha sai Bebiya ta nuna nata halin: za ta karɓi wurare biyu, amma bayanin da zai raba su kada ya wuce harafi sittin. Jiniya ya yi ta bayani na kusan rabin awa, mai kwamfuta ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta tambaye shi wanne za ta rubuta a ciki. Ya ja tsaki, ya matse shekara ashirin da shida a layi ɗaya: Muryar tsoho: ta kwari. Muryar yaro: ta kasuwa.

Ya je ya gaya wa Yaya cewa daga yau, in wani abu ya taso, ta ce gidan Yayar Jiniya kawai, motar za ta zo har ƙofa. Tana tsintar shinkafa a tire, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni ban goyi wani Jiniya ba, Auta na goya. Kuma gidan nan tun kafin ka iya ɗaura wando bayan tasha yake."

Ya maimaita mata sau uku. Ta ce ta ji, da irin muryar da take cewa ta sha magani. Ya rubuta lambarsa da manyan baƙaƙe a jikin kalandar da ke saman gadonta, ya tafi ransa a ɓace.

Ya yi ritaya. Aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya koma gida yana damun matarsa da gyaran abin da bai lalace ba. Kwana goma sha tara bayan haka, da hantsi, yana kwance famfon tsakar gida, wayarsa ta yi ƙara. Wata matashiya ce da ba ta fi wata guda da kama ɗaki a gidan Yaya ba, ita da mijinta, baƙi ne a garin. Ta ce Mama, wato Yaya, ta faɗi, bakinta ya karkace. Ta ce ta riga ta kira asibiti, ta tambayi Mama inda za ta ce, Mama ta iya cewa bayan tsohuwar tasha, daga nan maganar ta ƙi fita. Lambarsa kuma a kalanda ta gani.

Ya hau babur ba tare da ya wanke hannu ba. Minti bakwai ya kai shi kwari. Yana kashe babur a ƙofar gidan ya jiyo kukan jiniya. Jiniyar motarsa tana da wata 'yar sarƙewa a ƙarshen kukanta, ko cikin motoci ɗari zai gane ta. Ya tsaya ya kasa kunne don ya ji ta gangaro. Ba gangarowa take yi ba. Hawa take, tana nisa, ta nufi kasuwa.

Nan take ya gane, kuma ganewar ta fi komai ciwo. Babu wanda ya yi kuskure. Mai ɗaukar waya ta ji muryar yarinya ta rubuta muryar yarinya, kamar yadda ya koya mata shekara goma sha ɗaya. Sabon direba ya karanta layin da ke kan laftof ya bi shi. Muryar ta yarinya ce, amma maganar ta tsohuwa ce, kuma dokar da ta kasa rabe wannan shi ya kafa ta, shi ya yi faɗa a kwamiti har aka ba shi wurin rubuta ta.

Ya kira sabon direban ya kwarara masa ihun da aka ji har lungu na gaba. Mutumin bai yi musu ba, ya ce ga shi nan juyowa. Amma ranar kasuwa na ci, kuma mai juya mota a bakin kasuwa da hantsi sai ya yi haƙuri ko da jiniya goma gare shi. Jiniya ya durƙusa a ɗakin, ya kwantar da Yaya a gefenta yadda ya ga nas-nas suna yi, ya riƙe hannunta na dama da ya saki. Idonta biyu, tana kallonsa. Ya ƙirga minti ashirin da biyu a agogon hannunsa kafin motar ta tsaya a ƙofar.

Ta rayu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Ya tare likita a baranda ya tambaye shi ko da an zo da wuri da ba haka ba. Likitan ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba, a irin wannan ciwo kowane minti yana da daraja, amma wani lokacin ko a bakin asibiti mutum ya faɗi hakan take kasancewa. Jiniya ya so a ce masa ɗaya daga ciki, ko wanne ne. Haushin kowa yake ji a kwanakin nan, na kwamiti, na kasuwa, na wanda ya fara ɗauke tashar daga wurinta, amma duk inda haushin ya zaga kansa yake dawowa.

Kwana na huɗu ya gangara ofishin mai kwamfuta. Ta tashi ta ba shi kujera, ta fara yi masa jaje, ya ɗaga mata hannu. Ya ce ta buɗe tsohuwar tasha ta goge abin da ya rubuta. Ya kwana uku yana neman tambayar da ba ta bukatar wayo, wadda baƙon da ya sauka jiya zai iya amsawa yana kuka. Ashe tambayar tana tsaye a kansa tun yana jan tanka: babu tsakar gida a kwari da ba a hango babban tankin nan, kuma daga kasuwa ba a ganinsa. Ya faɗa, ta rubuta: Tambayi mai kira: kana ganin tankin ruwa? In e, ta kwari ce. Ta ƙirga ta ce sittin cif. Ya sa ta bi sauran sunaye ɗari huɗun da shi ɗaya bayan ɗaya, suka samu wasu shida da ya jingina da sanin da ke kansa kawai, suka gyara.

Bayan mako uku aka sallami Yaya. Shugaba da kanta ta ce a mai da ita gida a motar asibiti. Sabon direban ya buɗe wa Jiniya ƙofar gaba, ya girgiza kai ya shiga baya. Shekara ashirin da shida yana jan motar, bai taɓa zama a kan ɗan bencin nan ba, bai san cewa daga nan ba a ganin hanya sai rufin gidaje ta wata 'yar taga ba. Ya kama bakinsa, bai ce a bi nan ko a bi can ba.

Da suka fara gangara kwari, kan tankin ruwan ya bayyana a tagar. Yaya ta gan shi. Ta ɗaga hannunta na hagu, mai lafiyar, ta nuna dama tun kafin motar ta kai kwanar, motar ta yi dama. Ta sake nunawa, motar ta shiga lungu na uku. Sai ta kamo hannun rigarsa ta ja, bakinta yana motsi, tana ƙoƙarin fitar da wata kalma da ta tsaya mata a harafin farko. Ta gwada sau uku. Ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa fuskarta, ya yi magana da muryar da babu wanda ya san yana da ita a sashen nan.

"Na sani, Yaya. Bayan tasha, gida mai shuɗiyar ƙofa."

Ta saki rigar. Motar ta tsaya, sabon direban ya zagayo ya buɗe musu ƙofar baya.